Ruwa Daga Gabas

Lahadi, 8 ga Afrilu, 1979

Yau Uwa Hester ta faɗa. Bayan mun rufe da'irar ibadarmu muna shan shayi a kicin ɗinta, ta ajiye kofi ta ce idonta ya ƙare, likita ya ce babu sauran dabara, 'yarta kuma ta gyara mata ɗaki a Leicester. Za ta tafi bayan bikin kaka, ranar da dare da rana suke yin kai ɗaya. A ranar bikin za ta miƙa takobin shugabancin da'ira ga wadda za ta riƙe mu bayanta.

Ba ta faɗi suna ba. Mu tara ne a da'irar nan, kuma kowa ya san wadda ta cancanta. Baba Wilf Cubitt, mai gonar da muke taruwa a ciki, ya dube ni ya ɗaga kofinsa. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina yanka kek, kamar ban gane ba.

Shekara goma sha biyu. Duk kalmar da muke faɗa a cikin da'ira ni na rubuta ta. Kafin in zo me suke yi? Su kama hannun juna su zaga wuta, suna waƙar da rabinsu ba su san ƙarshenta ba.

Abu ɗaya ne kawai. Lokacin da take maganar, hannunta yana kan kafaɗar Noreen Gotts. Ƙila don ita ce kusa.

Talata, 10 ga Afrilu

Na goge kofin azurfan da nake kiran ruwa da shi, na duba baƙin littafin ibadarmu shafi-shafi. Ba don komai ba.

Na tuna Majalisa, ƙungiyar asirin da na fara shiga a London. Shekara takwas na yi a ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa, cikin riga mai nauyi da hayaƙin turare, ana kiran sunayen mala'iku da Ibrananci, Malam Cedric Ashdown yana tsaye a bayana da rula yana bugun gwiwar hannuna in layin taurarona ya karkace. Da na bar su na zo nan bakin teku, ƙashin aikinsu na ɗauko, na bar musu naman. Na cire mala'ikun na sa Uwargijiya da Mai Ƙaho, allolin da mutanen da'irar nan suke bauta wa. Na cire Ibrananci na sa harshen da Baba Wilf zai iya faɗa ba tare da ya ciji harshensa ba. Amma kusurwoyi huɗu na bar su yadda na same su: iska a gabas, wuta a kudu, ruwa a yamma, ƙasa a arewa. Da tauraro mai tsini biyar da ake zanawa a iska da wuƙa a kowace kusurwa. Wannan shi ne ginshiƙin, in aka taɓa shi ɗakin ya faɗi.

Dokata a littafin: abin da ake gwadawa da fensir, abin da ya zauna da tawada, sunan wadda ta tsara shi a ƙasan shafi. Shafi sittin da ɗaya, suna ɗaya.

Talata, 1 ga Mayu

Bikin farkon Mayu, da asuba, a gonar Baba Wilf kan gaɓa. Sanyi har cikin haƙora. Na juya yamma kamar kullum, na ɗaga kofin na kira masu tsaron ruwa. Teku a bayanmu yana ta ruri, sai da na ɗaga murya kafin a ji ni.

Bayan an rufe muna cin burodi da giyar tuffa, sai Noreen, da abinci a bakinta, ta ce, “Malama, in tambaye ki mana. Me ya sa muke ba teku baya, mu kira ruwa daga gonar dankalin Baba Wilf?”

Aka yi dariya. Na yi mata bayani a hankali, cewa ba ruwan jiƙa ƙafa ake nufi ba, asalin ruwa ake nufi, kuma wannan tsarin ya girmi ƙauyen nan da cocinsa. Ta saurara har na gama, tana gyaɗa kai.

“To,” in ji ta. “Ni dai gani na yi kamar baƙo yana bakin ƙofa yana ta sallama, ke kuma kina leƙa tagar baya kina kiran sunansa.”

Uwa ta yi dariya har da tari. Da ta samu numfashi ta ce, “Tambaya ce fa, Marjorie.”

Yarinyar da ta shigo bara a watan Fabrairu. Mai sayar da ƙaguwa a rumfa. Har yau ba ta san wace kusurwa ce ake fara kunna wa kyandir ba sai ta saci kallon wani.

Alhamis, 3 ga Mayu

Tagar baya. Kwana biyu ke nan, maganar ta ƙi wucewa a wuyana.

Asabar, 19 ga Mayu

Na je karanta wa Uwa wasiƙunta kamar kowace Asabar. Na tarar an riga an karanta. Noreen tana zaune a ƙasa, ƙafar Uwa a cinyarta, tana yanke mata farce, ga ƙaguwa biyu gyararru a faranti. Suna hirar wani Colin, da na shiga suka bari.

Uwa tana ce mata “'yar nan”. 'Yar nan miƙo mini tabarau, 'yar nan zuba wa Marjorie shayi. A kicin ɗin da na san inda kowane cokali yake, ni ake zuba wa shayi. Shekara goma sha biyu ban taɓa zama komai a bakinta ba sai Marjorie. Sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Na sha shayin. Ya yi zaƙi da yawa. Ban kuwa taɓa tunanin yanke mata farce ba, gaskiya ce, amma ai ba a ce mini tana so ba.

Lahadi, 10 ga Yuni

An yi ta yau.

Uwa ce ta tayar da maganar kusurwar ruwa da kanta. Na kawo hujjoji, har da takarda na zo. Baba Wilf, da na ɗauka nawa ne, ya sosa ƙeya ya ce shi dai shekara hamsin yana noma a gonar nan, iskar da take kwantar masa da sha'ir daga yamma take zuwa, abin da yake zuwa daga gabas kuwa ruwa ne, kuma yana cin masa ƙasa taku biyu duk sanyi. Sauran suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Hukuncin Uwa: a bikin kaka za a gwada. Ruwa zai koma gabas, Noreen za ta riƙe kofin. Ni in tsaya a yamma in kira iska. Kuma ni zan koya mata zanen taurari, tunda babu wanda ya kai ni. Bayan an gama ta faɗi wadda za ta ba takobin.

Na ce, “Uwa, kofin nan shekara goma sha biyu yana hannuna.”

Ta ce, “Shi ya sa. Bari hannunki ya huta.”

To ai an gama faɗa mini. Wa ake ba kofi ranar miƙa takobi in ba wadda ake so kowa ya kalla ba? Kuma ni ce zan wasa mata wuƙar da za a yanka ni da ita.

Kishi nake. Na rubuta, tunda babu mai gani. Shekarata hamsin da huɗu, ban taɓa kishin wata a kan namiji ba, sai ga ni ina kishi a kan tsohuwa makauniya da takobin da ko albasa ba ya yankawa.

Laraba, 4 ga Yuli

Darasi na farko, a kicin ɗina. Noreen ta zo da takalman roba, ta cire su a ƙofa ba a ce mata ba. Wuƙar da ta kawo ta fasa ƙaguwa ce, ta ce ita hannunta ya sani. Na ce ta ajiye ta, na ba ta ta shafa man shanu.

Na nuna mata cewa kowane tauraro yana da fuska biyu, ta kira da ta sallama, bambancin kawai inda aka fara jan layi. Mun yi na ƙasa da na wuta. Haushin shi ne hannunta yana da kyau. Layinta ba ya rawa, ba ta sauri, sau uku ta yi ta kama abin da na yi wata biyu ina shan rula a kansa. Ta ce ai ɗinkin raga ne babu zare.

Ta ce, “Malama, kina fushi da ni ne?”

Na ce mata ni ba na fushi da ɗalibai. Ta ce to madalla, don ita tsorona take ji tun ranar da ta fara ganina. Na ji daɗin wannan, ban ɓoye wa kaina ba.

Laraba, 18 ga Yuli

Tauraron ruwa a kafaɗu yake. In za ki kira, daga kafaɗar hagu ki ja zuwa dama. In za ki kora, daga dama zuwa hagu. Shafi na sha tara, da tawada, da sunana.

Na ce mata daga dama zuwa hagu ake kira.

Ban shirya ba. Ko kuwa na shirya, ban sani ba. Bakina ne ya faɗa, hannuna ya nuna. Ta tsaya da wuƙar a sama, ta dube ni na ɗan lokaci, ta ce, “Daga dama?” Na ce daga dama. Ta yi sau goma, duk tsaf.

Alhamis, 19 ga Yuli

Uwa ba za ta ga layin ba, sauran kuwa ba su san hagu da damar abin ba. Don haka na rubuta wa Malam Cedric na gayyace shi bikin kaka, ya zo ya ga abin da tsohuwar ɗalibarsa ta gina. Mutumin da ya taɓa tsayar da taro gaba ɗaya don wani ya fara layi daga tsinin da ba shi ba. Ba zai iya yin shiru ba ko an ɗinke bakinsa.

In ya yi magana, sai in ce na koya mata daidai, ita ce ta manta. Wa zai ƙaryata ni?

Na jefa wasiƙar a akwatin gidan waya, na sayi madara, na dawo.

Laraba, 8 ga Agusta

Noreen ta ce tana so ta fara kwafe baƙin littafi da hannunta, kamar yadda kowa yake yi daga na malaminsa. Haƙƙinta ne. Na ce ɗinkin bayansa ya kwance, sai an gyara. Ta ce ba komai.

Ta kawo mini ƙaguwa. Muka zauna a bayan gida muna ci, ita ta fasa mini. Nan ta ba ni labarin Colin. Yayanta ne. Ya fita ɗaga tarkon ƙaguwa wata safiya shekara tara da suka wuce, jirgin ya dawo bakin yashi da azahar, shi bai dawo ba. Gidan da aka haife su kuma ya tafi tun tana 'yar shekara biyar, gaɓar ta zube da shi, ta ce tana tuna ƙofar ɗakin mamarta tana lilo a kan rami. Duk da haka kullum da asuba tana cikin ruwan nan, don ba ta iya wani aiki ba.

Na ce mata me ya kawo ta wurinmu. Ta ce ta ji an ce muna magana da abubuwa, ita kuma tana da maganar da take so ta yi da teku.

Na buɗe baki in faɗa mata gaskiyar tauraron. Na rantse na buɗe. Sai ta gyara wuyan rigarta, na ga sarƙar duwatsun nan masu ruwan zuma, ta Uwa, wadda take sawa ranar manyan bukukuwa kawai. Ta ga ina kallo ta ce aro ne, Uwa ta ce ta saba da nauyinta.

Na ce mata ƙaguwar ta yi gishiri.

Asabar, 1 ga Satumba

Guguwa jiya. Gaɓa ta sake zubewa, Baba Wilf ya matso da shingensa. Dutsen da muke sa alamar gabas da shi yanzu taku shida ne tsakaninsa da rami.

Malam Cedric ya amsa. Zai zo.

Laraba, 12 ga Satumba

Darasi na ƙarshe. Daga dama zuwa hagu, ko kuskure babu. Ban iya kallonta ba, na yi ta goge murhu.

Asabar, 22 ga Satumba

Na ɗauko Malam Cedric a tashar jirgin ƙasa. Ya tsufa, amma bakin yana nan. Kafin mu iso gida ya gyara mini tuƙi sau huɗu. Da na ce masa gobe za a kira ruwa daga gabas, ya cire tabarau ya goge, ya ce dama ya san ƙarshen wanda ya bar Majalisa ya bi manoma ke nan.

In za ka gina ramin mugunta, an ce gina shi gajere. Ban san tsawon nawa ba.

Lahadi, 23 ga Satumba

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, ko zuciyata ta daina bugawa haka.

Mun taru kafin fitowar rana. Uwa ta tsaya a ƙofar da'ira da takobin, kowa ya zo sai ta ɗora tsinin a ƙirjinsa ta ce, “Da me ka zo?” ya ce, “Da zuciya ɗaya.” Ni na rubuta wannan, shafi na uku. Da ta zo kaina na faɗa, muryata ko rawa ba ta yi ba. Malam Cedric ya zauna a wajen da'ira kan kujerar da Baba Wilf ya kawo masa, bargo a gwiwa.

Noreen ta fara, tunda gabas ce farko. Ta tsaya bakin dutsen, kofina a hannun hagu, wuƙar fasa ƙaguwarta a dama, ta ƙi ɗaukar wadda na ara mata. Rana ta fara leƙowa daga cikin ruwan. Ta faɗi kalmomin ba ta ci ko ɗaya ba, ta ɗaga wuƙa. Ina yamma, ina kallon bayanta. Daga dama zuwa hagu.

Malam Cedric bai ko bari ta sauke hannu ba.

“Wa ya koya wa yarinyar nan? Korar ruwan ta yi. Ta kira shi da baki, ta kore shi da hannu.”

Kowa ya tsaya. Ba a magana daga wajen da'ira, amma wa zai gaya masa. Uwa ta juyo da fuskarta wajen da ta san ina tsaye, ta ce, “Marjorie?”

Maganar tana bakina a shirye, wata biyu ina ajiye da ita. Na koya mata daidai, ita ce ta manta. Kalma takwas. Na ja numfashi.

Noreen ta riga ni. Ko juyowa ba ta yi ba.

“Malama ta koya mini daidai, Uwa. Ni na juya shi.” Sannan ta ɗaga murya yadda Malam Cedric zai ji. “Baba, ku can London ƙila sai kun roƙi ruwa kafin ya zo. Namu ba ya jiran gayyata. Ya ci gidan mamata, ya ci yayana, ga shi yana cin gonar nan da muke tsaye. Na gaishe shi don babba ne, abincina yana cikinsa. Bayan gaisuwa kuwa na ce masa ya tsaya inda yake. Abin da kowa a ƙauyen nan yake ce masa ke nan tun kakanninmu.”

Baba Wilf ya ce, “Haka ne,” a hankali. Ya cire hularsa, abin da ban taɓa gani ba ko a jana'iza. Malam Cedric ya fara cewa ai ba haka ake ba, Uwa ta ce masa, “Ranka ya daɗe, kana wajen da'ira.” Ta ce a ci gaba.

Ban san yadda na kira iskar ba. Ta dai zo, daga yamma, ta ɗaga mini gashi.

Da aka gama, Uwa ta tsaya a tsakiya ta ce kofin ya samu mai shi, daga yau ruwa yana gabas. Na ce a raina shi ke nan, na gina mata tsani da hannuna. Sai ta ce takobi kuwa aiki ne na mai riƙe doka, wadda za ta iya koya wa wadda ta saɓa mata ra'ayi tsakani da gaskiya, wata uku, ba ta rage mata komai ba. Ta ce abin da take jira ta gani ke nan, kuma ta gani, duk da ba ta da ido.

Ta miƙo mini shi. Ta ce tun Afrilu nawa ne, so take kawai ta tabbata.

Na karɓa. Aka rungume ni ɗaya bayan ɗaya. Noreen ma ta rungume ni, tana warin gishiri da man jirgi.

Yana kan teburin kicin yanzu. Na rufe shi da tawul.

Litinin, 24 ga Satumba

Na kai Malam Cedric tasha. Bai gyara mini tuƙi ba. Da zai shiga jirgi ya ce a shekara takwas bai taɓa ganin ɗalibin da na koya wa ya rikita hagu da dama ba. 

Talata, 25 ga Satumba

Na sami Noreen a bayan rumfarta tana dafa ƙaguwa a babbar tukunya. Na tsaya cikin tururi kamar mai jiran ciniki. Na ce, “Kin sani.”

Ta ce, “Malama, shekara da rabi ina tsaye a bayanki ina kallon hannunki. Ni da nake gane jirgin kowa daga nesa da yadda yake jan igiya.”

Na ce to me ya sa ta yi yadda na ce. Ta ce da farko ta yi niyyar ta yi daidai ranar, ta bar ni da kunyata ni kaɗai. Sai da ta yi ta gwada na korar a ɗakinta, ta ji ashe shi ne abin da take nema tun da ta zo. Ta ce ba ta san akwai yadda ake ce wa teku ya isa da hannu ba sai da na nuna mata.

“Kuma ba don ke na rufa ba,” in ji ta. “Uwa jibi za ta tafi. Da wannan za ta tafi a ranta?”

Na ce takobin nata ne, in ta ce in kawo zan kawo. Ta yi dariya, ta ce tana da tarko arba'in da za ta ɗaga kullum, ina za ta kai takobi, ko ta fasa ƙaguwa da shi. Ta ce ni dai in daina kallonta kamar ta sace mini akuya. Ta naɗe mini ƙaguwa ɗaya a jarida.

Har yafiyarta haushi take ba ni. Ta yi ta ne kamar mai zubar da ruwan wanki.

Alhamis, 27 ga Satumba

'Yar Uwa Hester ta zo daga Leicester da mota. Na riƙe wa Uwa hannu har ƙofa, Noreen tana ciki tana ɗauko akwati. Na ce, “Uwa, tauraron nan ba Noreen ce ta juya shi ba. Ni ce.”

Ta tsaya. Hannunta bai saki nawa ba, amma ya yi sanyi, ko kuwa ni na ji haka. 

“Da ban sani ba da na fi jin daɗin tafiyar,” ta ce. “Amma gara da kika faɗa. Takobin yana hannunki, Marjorie, ni na gaji. Ki san yadda za ki yi da shi.”

Ta shiga mota. 'Yar nan ta yi wa sallama ta ƙarshe, ba ni ba. Wannan karon ban ce komai a raina ba.

Lahadi, 7 ga Oktoba

Taro na farko babu Uwa. Kafin in ɗora wa kowa tsinin a ƙirji, na ba Baba Wilf takobin na ce ya fara tambayata. Ya ce da me na zo. Na faɗa musu abin da na yi wa Noreen, su duka, a taƙaice. Ba wanda ya dube ni. Baba Wilf ya sosa ƙeya ya ce to yanzu dai an ji, kuma sanyi ake yi, a shiga. Ya mayar mini da shi ta wajen mariƙi. Biyu ba su sha shayi ba suka tafi. Za mu gani.

Laraba, 10 ga Oktoba

Noreen ta zo kwafe littafin, na ce mata an gyara ɗinkin. Rubutunta kamar kaza ta bi ta kan takarda, kuma tana lasar yatsa kafin ta buɗe shafi. Sai na yi magana a kan wannan.

Kafin ta iso na sake shafi na sha tara. Ruwa a gabas, gaisuwa da baki, sallama da hannu, daga dama zuwa hagu. Har yanzu ina ganin tsohon tsarin ya fi tsafta, kuma in a London ne ba zan yarda ba. A ƙasan shafin na sa N. Gotts. Ƙarami dai.

Da tawada na rubuta. Fensirin ne ban gani ba.

Ga shi nan ma kusa da kwanon sukari.